Wa ke riƙe da makullin rumbu? Tarihin agajin gaggawa a ƙananan garuruwanmu

Shekarar da na fito daga makarantar horon malamai aka tura ni wani gari a arewacin jihar Maraɗi, gari mai kasuwar mako, da lakol ɗaya, da ɗakin shan magani ɗaya, da rijiyoyi masu zurfin da sai da shanu ake jan ruwansu. Cikin sanyin shekarar, wani dare bayan lisha, wuta ta tashi a wani gida gabas da masallacin Juma'a. Iskar hunturu na kaɗawa, gidajen duk darnin kara ne, rumbuna kuwa cike da hatsin da aka gama ɗaurewa bai fi wata biyu ba. Abin da na fara ji shi ne muryar ladan a lasifika, ba kiran salla yake ba, sunan unguwar kawai yake ta maimaitawa. Kafin in sa takalmi gari ya fito.

Ni baƙo, ruwa ne ya fara zo mini a rai. Na suri bokiti na nufi rijiya. Samarin garin kuwa ba su bi ta kan wutar ba sam. Suka wuce ta da gida uku, ta inda iska ta dosa, suka hau darnin mutane da gatari da adda suna kayarwa, suna janye karan zuwa fili. Mai gidan da ake kayar wa darni yana tsaye, bai ce uffan ba. Mata da yara suna ta ɗibar ƙasa a kwanoni suna watsawa. Wasu dattawa biyu suka tsaya a kan kayan da aka fiddo daga ɗakuna, don kada wani ya ce zai taimaka ya wuce da tukunyar mutane. Wuta ta ci gida biyar da rumbu bakwai, ta iso filin da aka share, ta mutu. Ba wanda ya kira lamba 18. Motar ƴan kwana-kwana mafi kusa tana Maraɗi, kuma a lokacin ko salula ba ta iso garin ba.

Washegari da hantsi mai gari ya zauna ƙofar gidansa da liman da masu unguwanni. Aka yanka wa kowane magidanci dami ɗaya, mai hali biyu, aka sa ranar gayyar gini. Na tambayi wani tsoho da nake haya a gidansa, na ce: "Baba, wa ya ba samarin nan izinin kayar da darnin mutane?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce: "Mushe, kai da ka yi boko, wa ke ba ka izinin rufe ido in ƙura ta taso?"

Amsar ta yi mini daɗi, amma ba ta gamsar da ni ba. Rufe ido halitta ce. Abin da na gani a daren nan koyonsa aka yi, akwai wanda ya san ta inda za a tare wuta, akwai dalilin da ya sa mai darni ya yi shiru, ya san gari zai mayar masa da darninsa. Tun daga ranar nake bin tarihin wannan al'amari, ina tambayar tsofaffi duk inda aiki ya kai ni, ina karanta abin da ya faɗo hannuna.

Kafin zuwan Nasara, babban haɗarin da gari ke shiryawa dominsa shi ne hari. Don haka tsarin gaggawa na farko tsarin yaƙi ne. A Maraɗi, inda Katsinawan da suka baro birninsu bayan 1807 suka kafa sarautarsu, Ƙaura ne shugaban mayaƙa, kuma yana cikin manyan da ke zaɓen sarki tare da Galadima da Ƴandaka da Durbi. A Damagaram, Sarki Tanimun ne ya kewaye Birni da ganuwa a tsakiyar ƙarni na 19, ganuwar ƙasa kuwa ba ta tsayuwa sai ana yi mata gyara bayan damana, wato sai da hannun jama'a. Ƙananan garuruwa suna da nasu kafi ko shinge, da ganga ko ƙuge da kowa ya san ma'anar kiɗansa, da sanƙira mai kai shelar sarki lungu-lungu. Wannan kayan aikin ne ake juyawa a fuskanci gobara, ko ɓatan yaro a daji, ko rushewar rijiya a kan mai haƙa. Sarkin samari ya san wa zai kira, maƙera na da kayan ƙarfe, wanzamai da masu ɗori su ne likitocin wanda ya ji ciwo. Har hasashen shekara akwai masu yinsa: bikin buɗin daji da Azna ke yi, irin wanda har yanzu ake taruwa dominsa a Masalata kusa da Birnin Ƙonni, ya ƙunshi faɗar yadda damana za ta kasance. Ni Musulmi ne, ban ɗora imanina a kan duba ba, amma na lura da abu ɗaya: mutanen nan sun ware rana guda a shekara da gari duka ke zama ya yi maganar abin da ke tafe.

Yunwa kuwa maganinta ba ya hannun sarki, yana cikin gida. Wannan ne abin da ya fi ɗaukar hankalina. A gidan gandu na da, mai gida ne ke riƙe da babban rumbu. In an gama kaka ya zuba damman hatsi da zangarniyarsu, ba a sussuka ba, don haka ya fi jimre wa ƙwari, ya rufe. Ba ya buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, lokacin da za a ciyar da masu noma. Da rani mata su ci da kansu da ƴaƴansu daga abin da suka samu a gamanarsu, samari su tafi cin rani, sunan ma ya faɗi manufarsa: ka je ka cinye rani a wani wuri, ka rage wa rumbu baki. Magidancin kirki shi ne wanda sabon hatsi ke tarar da tsoho a rumbunsa. Bayan wannan sai zakka, da rancen hatsi tsakanin dangi, da abin da sarkin noma ko attajiri zai fitar don kare sunansa.

Kada mu yi wa zamanin da ado fiye da kima. Tsarin yana ɗaukar shekara ɗaya mummuna, wataƙila biyu, daga nan sai ya karye. A 1913 ruwa ya ƙi, yunwar da ake kira Kakalaba ta biyo baya har cikin 1914, mutane suka watse, wasu suka nufi Kano suka mutu a hanya. Wanda ba shi da dangi, da bawa, da baƙo, su ne na farkon faɗuwa. Kuma a lokacin an riga an ƙara wa talaka wani nauyi da kakanninsa ba su sani ba a wannan siga: lanho na Faransawa, wanda ake biya da kuɗi ko an yi hatsi ko ba a yi ba.

Yunwar 1931, wadda fara ta haddasa kuma ta fi yin ɓarna a yammacin ƙasa, ita ta sa mulkin mallaka ya shiga maganar rumbu da ƙarfi. Aka tilasta rumbunan ajiya a garuruwa. Kowane magidanci ya kawo wani kaso na hatsinsa gwargwadon yawan mutanen gidansa, a tara a wuri guda a rufe, ba a buɗewa sai da izinin kumandan, wanda ke duba su in ya fito rangadi. A takarda dabara ce mai kyau, ai abin da mai gida ke yi ne aka faɗaɗa. Amma ku tambayi duk tsohon da ya ji labarin daga bakin mahaifinsa, ba za ku ji ya sa wa rumbunan nan albarka ba. Hatsi naka ne, kana ganin rumbun daga ƙofar gidanka, ƴaƴanka na kuka, mai makulli kuwa yana can bariki, tafiyar kwana biyu a kan doki. In damana ta yi rabi aka cika rumbu da abin da ya kamata a ci. Wani hatsin ya ruɓe, wani ya bi hannun gardi da ƴan koren sarakuna. Shi ya sa lokacin da siyasar jam'iyyu ta kunno kai bayan 1946, shekarar da aka soke aikin tilas, rumbunan kumandan suna cikin abubuwan da talakawa suka fi kuka da su. A ganina nan ne aka fara raba abu biyu da a da suke tare: mai jin yunwa da mai ikon buɗe rumbu.

Cikin wannan zamanin ne aka yi abin da ya sauya fuskar Maraɗi. Tsohon garin yana cikin fadama ne, bakin Gulbi, inda ruwa ke kusa, ƙasa na da albarka, kurmi kuma na ba da mafaka lokacin yaƙe-yaƙe da Sakkwato. A damanar 1945 Gulbi, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina, ya cika ya tumbatsa ya cinye garin. Maraɗin lokacin ƙaramin gari ne, bai kai mutum dubu goma ba. Hukumar Faransawa ta yanke shawarar a hau tudu, aka shata sabon gari da tituna masu faɗi, aka raba filaye. Wannan karon shawarar da ta zo daga sama ta yi daidai, kuma tana ba mu darasin da ba mu cika son ji ba: akwai matakin da gari ba ya iya ɗauka da kansa, don kowa na da kabarin kakansa da rijiyarsa a tsohon wuri. Abin takaici, shekaru tamanin bayan haka garin ya bazu har ya sake gangarawa wuraren da ruwa ke bi, da takardun filaye masu hatimi.

Bayan ƴancin kai makulli ya ƙara nisa. An kafa OPVN a 1970 don ta sayi cimaka ta ajiye ta sayar da rahusa in an shiga matsi. Sai ga farin farkon shekarun 1970. Taimako ya zo daga ƙasashen waje, amma zargin cewa hatsin na ƙarewa a rumbunan manyan jam'iyya ya cika ƙasa, kuma yana cikin hujjojin da sojoji suka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da suka kifar da Diori Hamani. A ƙasar nan rabon hatsin agaji ya taɓa cin gwamnati sukutum, ya kamata duk mai riƙe da rajistar rabo ya san haka.

Seyni Kountché ya fahimci abin da tsohon nan ya gaya mini, ko da yake ya yi amfani da shi ta hanyarsa ta soja. Ya ɗauko samariya, ƙungiyar da ke da asali a gargajiya, ya mai da ita hannun gwamnati a kowane gari da kowace unguwa. Mu da muka yi ƙuruciya a ƙarshen zamanin mun ga saura: samariya ke share gari, ke gina azuzuwa, ke haƙa magudanar ruwa, ke tsayawa wajen rabo. A yunwar 1984, wadda mutanenmu suka laƙaba wa El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sojoji da sarakuna da samariya ne suka riƙe rabon cimaka. Tsofaffi da yawa na yabon wannan lokaci, suna cewa buhu na isa inda aka aike shi. Na yarda, amma tsoro ne ke rakiyar buhun. Da Kountché ya rasu a 1987, aka shiga guguwar dimokuraɗiyya, samariya ta watse kamar ba a yi ta ba, don an riga an cire ta daga hannun gari an liƙa ta a jikin mulki. Mulkin ya tafi da ita. Fadojin shayi da suka maye gurbinta a unguwanni suna fitowa in an yi gobara, Allah ya saka musu, amma ba su da sarki, ba su da wanda za a kama in ba su fito ba.

Daga nan sai zamanin ofisoshi. A 1989 aka kafa tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa, SAP, mai tattara labarin damana da farashin kasuwa. A 1998 gwamnati da masu ba da tallafi suka haɗa hukumar rigakafi da magance matsalar cimaka a ƙarƙashin ofishin firaminista. Ƙungiyoyi suka cika karkara da bankunan hatsi, waɗanda muke kira rumbun tsimi: a sayi hatsi da kaka, a sayar wa ƴan gari da rahusa da bazara. Na ga waɗanda suka rayu, na ga waɗanda suka mutu cikin shekara biyu. Waɗanda suka mutu kusan duk ciwo ɗaya ne ya kashe su, bashi. Ɗan'uwan mai gari ya ɗauki buhu zai biya da kaka, ma'aji ba ya iya ce masa a'a, kaka ta zo ta wuce. Waɗanda na ga sun daɗe, mafi yawansu mata ke riƙe da su, kuma ƙofar na da kwaɗo biyu ko uku, kowane makulli a hannun mutum daban.

Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, ƙasa ta samu komin 265, kowace da magajin gari da kansiloli. Ba su gama sanin kujerunsu ba sai ga 2005. Fara da ƙarancin ruwa sun taɓa amfanin gona, farashi ya haura har buhun hatsi ya kai jika talatin a wasu kasuwanni, mata suka koma ɗibar anza suna jiƙa ta kwana da kwanaki don ɗacin ya fita. Jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ta cika da yara masu tamowa. Ƙungiyar likitocin MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da dubu sittin a Nijar a shekarar. Shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa, rabon kyauta bai kankama ba sai wajen Agusta. Mu malaman ƙauye mun san halin da ake ciki tun watan Maris, don mun ga benci na zama fayau, yara sun bi iyayensu kudu. Ba wanda ya tambaye mu, mu ma ba mu san wa za mu gaya wa ba.

Wannan giɓin ne aka yi ƙoƙarin toshewa da kwamitocin da ake kira SCAP-RU. Ƴan garuruwa maƙwabta su zaɓi mutane, maza da mata, su riƙa zama wata-wata suna duba halin cimaka, da lafiyar mutane da ta dabbobi, da ruwa da makiyaya, da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Su auna ko lafiya lau ake, ko an fara ganin alama, ko abu ya yi tsanani. Abin da suke iya yi da kansu su yi, sauran su rubuta su aika wa kwamitin komin, OSV, wanda magajin gari ke shugabanta a lokacin, shi kuma ya miƙa wa na gunduma, har zuwa Yamai. Na yi wa ɗaya daga cikinsu sakatare shekara uku, don a ƙauye duk abin da ya shafi alƙalami kan mushe yake faɗawa. Alamomin da manoma ke kawowa sun fi na takardar da aka ba mu kaifi: an fara kai tumaki mata masu ciki kasuwa, an fara sayar da tiya rabi-rabi, ƴan mata sun daina tallan fura. Matsalar ita ce takarda na hawa, amsa ba ta saukowa. Wata shida muna aikawa ba mu ji ko "mun gani" ba. Da furojen da ke biyan kuɗin mai na babur ya ƙare, zaman ya koma bayan wata uku, daga baya ya koma sai in an ji baƙi na tafe.

Ga kuma rikicin da dokar kanta ta haifar. Kafin a rusa majalisun a 2024, doka ta ɗora wa magajin gari kula da lafiyar jama'a da kariyarsu a cikin komin ɗinsa, sarakuna kuwa a lokacin suna zama a majalisar komin amma ba su da ƙuri'a. Sai dai mai gari ne ke karɓar haraji, shi ya san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma ƙofarsa ake bugawa da tsakar dare. Magajin gari na da hatimi, asusunsa kuwa sau da yawa ko albashin ma'aikata ba ya biya. In buhu ɗari ya zo garin da mutum ɗari huɗu ke bukata, sai a ga wa zai rubuta sunaye. In mai gari ya rubuta, a ce ya sa danginsa. In kansila ya rubuta, a ce ya sa ƴan jam'iyyarsu. In ƙungiya ta zo da nata ma'auni ta zaɓi "mafi talauci", da motarta ta juya sai gari ya tara buhunan ya sake rabawa gida-gida da tiya. Ma'aikatan ƙungiyoyi na kiran wannan zamba. Ni ban kira shi haka ba, ko da yake na san gwauruwar da aka rubuta don ita ce ke cutuwa. Mutanen nan suna lissafin gobe ne: wanda ka hana tiya yau, shi za ka kira ya kayar da darni in wuta ta taso ta gidanka.

Akwai kuma inda tsarin gargajiya da na zamani duka suka gaza, kuma a cikin sana'ata ne. A watan Afrilu 2021 azuzuwan zana suka kama wuta a wata unguwa ta Yamai, yara ashirin suka ƙone. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar aka sake yi a Maraɗi, yara sama da ashirin da biyar ƴan shekara biyar zuwa shida. A manyan birane ne, inda ƴan kwana-kwana suke. Ajin zana ba ya ba da minti biyar. Duk wanda ya taɓa koyarwa a cikinsa ya san ƙofa ɗaya ce, yara sittin ko fiye a zaune a ƙasa. A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake shirya darasi daki-daki, ba a taɓa koya mana yadda ake fitar da aji cikin minti ɗaya ba. Tun daga lokacin nake sa ɗalibaina su gwada fita sau ɗaya a wata, kuma in an yi mana rumfa ina roƙon iyayen yara su bar ɓangaren baya a sake, yadda ƙafa ɗaya za ta ture shi.

A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa wakilan gwamnati a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Wata huɗu bayan haka aka yi damanar da ba mu taɓa ganin irinta ba. A ƙarshen Agusta ruwan kwana ɗaya ya kashe mutane goma sha biyar a birnin Maraɗi, ranar 3 ga Satumba tsohon masallacin Birni na Zinder ya rushe, a ƙasa baki ɗaya mutum kusan 400 suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka shiga halin bukata. Aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba, ɗaya daga cikin dalilan shi ne azuzuwa cike suke da waɗanda gidajensu suka faɗi.

A garin da nake yanzu, daren da katangu suka fara zubewa, sabon wakilin gwamnati bai fi wata huɗu da zuwa ba, bai san sunayen unguwanni ba tukuna. Mai unguwa ne ya aiko yaro ya buga mini ƙofa wajen ƙarfe biyu, ya ce in kawo makullan lakol. A ƙa'ida sai na nemi izinin sufeto kafin in buɗe. Na buɗe aji huɗu, muka jera teburan yara a gefe, mata da ƙananan yara suka shiga, maza suka koma da shebur suna fasa wa ruwa hanya ta bayan kasuwa. Da gari ya waye na kira sufeto na gaya masa, ya ce in rubuto a takarda. Iyali goma sha ɗaya suka zauna da mu har tsakiyar Oktoba, kuma rajistar da aka yi rabon shinkafa da tabarmi da ita daga baya, a bayan littafin kiran sunan ɗalibai na aji shida na fara rubuta ta.